Filastar da Baba Ya Ƙarasa wa Likita

Mahaifina mai aikin shafe ne, wato filasta, ta bango da ta silin. Abokan aikinsa suna ce masa Sumul, saboda idan ya gama bango ka kai hannu, sai ka rantse gilashi ka taɓa. Mutum ne mai gaskiya a ciniki, mai kyauta, kuma bai taɓa kwana da haƙƙin lebura ba. Sai dai yana da hali guda da duk gidanmu muka sha fama da shi. Baba bai yarda akwai wanda ya iya aiki a duniya ba sai shi. Idan muka je gidan mutane gaisuwa, kafin ya zauna ya riga ya shafa bangon falonsu da bayan hannu, ya ɗan taɓe baki, Mama tana ta harararsa amma ko a jikinsa. Tela ya ɗinka masa riga, sai ya ce da shi ne ba haka zai fitar da wuyan ba, shi da bai taɓa zura zare a allura ba. Makaniki ya gyara masa babur, sai ya bi baya ya ƙara ɗaure notuna. Kuma ba ya tambaya. A wurinsa tambaya ta wanda bai sani ba ce, shi kuwa ai ya sani.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ina alfahari da shi. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ce na fito tona wa ubana asiri. Shi da kansa ya ce in ba da labarin nan, sharaɗinsa kawai shi ne kada in rage nasa laifin, kada kuma in ƙara wa kowa.

Wata rana yana aikin silin a wani sabon gida, tsani ya goce da shi. Ya faɗo ya dafa ƙasa da hannun hagu, hannun da yake riƙe allon kwaɓi da shi, sai ƙashi ya karye kusa da wuyan hannu. Mai gidan ya sa shi a mota ya kai shi wani asibiti da ke kusa. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka shigar da shi wurin likita, wata matashiya da ba za ta girme ni ba. Layi ya cika baranda, ita kaɗai ce a ɗakin sai wata nas. Ta daidaita ƙashin, ta jiƙa filasta ta shimfiɗa ta a bayan hannun kawai, daga ƙasan gwiwar hannu zuwa tushen yatsu, ta bar cikin hannun babu komai, sannan ta naɗe duka da bandeji.

"Baba, ka riƙa ɗaga hannun sama," in ji ta, tana rubutu. "Idan kumburin ya sauka ka dawo mu sake dubawa. In ka ji wani abu daban, kada ka jira, ka zo."

Ba ta faɗa masa dalilin da ya sa ta yi rabi ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya dai dubi hannun, ya dube ta, ya taɓe bakin nan nasa, ya fito.

Abin da ya biyo baya a gida, Mama ce ta ba ni labarinsa daga baya, domin ni ina gidan mijina a lokacin. Ta ce tun a bakin ƙofa ya fara mita. Ya zauna ya latsa cikin hannun da yatsa, ya ji laushi, ya girgiza kai.

"Kin ga aikin 'yan yanzu ko? Rabin aiki ta yi. Ta shafe baya ta bar gaba. Wa ya taɓa ganin an shafe ginshiƙi gefe guda?"

"Malam, ka bar musu aikinsu, su suka karanta," in ji Mama.

"Karatu daban, filasta daban. Ni fa tun kafin a haifi yarinyar nan nake kwaɓa ta. Ko dai kayan ne suka ƙare musu, ko kuma sauri take ta kira na gaba. Wannan abin in na juya sai ƙashin ya goce."

"To ka koma ka tambaye ta mana."

"In tambaye ta filasta? Ni?"

Washegari da hantsi Mama ta fita cefane. Baba ya shiga ɗakin ajiyar kayan aikinsa na bayan gida, ya ɗebo farin garin da yake yin adon silin da shi. Ya samu wani tsohon farin gidan sauro, ya yayyanka shi dogo-dogo. Ya kwaɓa garin a robar wanke-wanken Mama, ya riƙa tsoma tsumman yana naɗewa a kan bandejin likita, yana ja da haƙori yana matsewa, har ya zagaye hannun gaba ɗaya. Sannan ya ɗauko ƙaramin cokalinsa na ƙarasa aiki ya bi ya goge. Da Mama ta dawo ta tarar da shi a tsakar gida yana shanya hannun, fuskarsa cike da fara'a. Ta ajiye kwando ta saki salati.

"Shafa ki ji," ya ce. "Yanzu aka yi aiki. Kada ki gaya wa kowa, ba na son a kunyata 'yar mutane."

Ta ce wallahi abin ya yi kyau, babu mai cewa da hannu ɗaya aka yi shi. Amma ita tun daga lokacin abin bai kwanta mata ba.

Kafin yamma hannun ya fara zugi. Baba ya ce garin ne yake ɗaukar zafi in yana kamawa, ya san halinsa. Da gari ya waye yatsun sun kumbura suntum, sun yi sanyi, in an taɓa su ba ya ji sosai, ciwon kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mama ta kafe sai an koma asibiti. Ya yarda da ƙyar, amma ya sa rigarsa mai faɗin hannu, ya kuma ɗora tawul a kan hannun ya rufe har yatsu, don ba ya son yarinyar ta ga an gyara mata aiki ta yi masa faɗa a gaban jama'a.

Sun tarar da asibitin a hargitse. An yi haɗarin mota, an kawo mutane jina-jina, masu jinya suna ta gudu. A baranda suka tare likitar tana sauri.

"Baba, lafiya? Yaya hannun?"

"Da sauƙi, 'yata. Ɗan zugi ne kawai."

"Likita, yatsunsa fa sun kumbura," in ji Mama.

"Karaya dama haka take, Mama, sai a hankali. Bari in rubuta masa maganin da ya fi wancan ƙarfi."

A tsaye ta rubuta, ta miƙa wa Mama, ta wuce. Ba ta ɗaga tawul ɗin ba. Baba ya dawo gida yana cewa ai dama ya faɗa babu komai.

Ni sai da abin ya ƙazanta aka kira ni. Na zo na tarar da ubana a kwance yana gumi, yana cije leɓe, mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba. Na ɗaga tawul na ga yatsun sun yi baƙi-baƙi. Ban tsaya jin ta bakin kowa ba, na kira mijina muka ɗauke shi zuwa babban asibiti. Nan take aka sa zarto aka tsaga filastar, aka shiga da shi tiyata. Allah ya sa ba a yanke hannun ba, amma jini ya daɗe bai gudana yadda ya kamata ba, jijiyoyi sun lalace. Yatsun suka lanƙwashe suka ƙandare, ko kofin ruwa ba sa iya riƙewa.

Likitan da ya yi tiyatar ya zo duba shi a ɗakin jinya, ransa a ɓace. Ya ce, "Wane ne ya zagaye sabuwar karaya da filasta haka, ya matse ta kamar an ɗaure buhu?"

Baba ya rufe ido. Mama ta sunkuyar da kai. Baffa ne ya amsa, ya faɗi sunan ƙaramin asibitin.

Baffa ƙanin Baba ne, dillalin filaye, mutum mai son shari'a kamar me. Bai taɓa shiga makarantar lauyoyi ba, amma ya san ƙofar kowace kotu, kuma in yana magana sai ka ɗauka shi ya rubuta doka. Ban ce mugu ba ne. Yana son yayansa, kuma ya ga mutumin da yake ciyar da gida da hannu biyu ya koma mai hannu ɗaya, ga ƙannena suna makaranta. Tun a asibitin ya tattara ɓawon filastar da aka tsaga ya sa a leda, ya ce wannan ita ce shaida. Bai huta ba sai da ya samo lauya, aka shigar da ƙorafi gaban kwamitin da ke sauraron ƙarar sakacin likitoci. Ƙorafin ya ce likitar ta sa matsattsiyar filasta a kan sabuwar karaya, kuma da aka koma mata ba ta duba ba. Ni ma na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ban san komai ba, kuma a lokacin da za a ba ni likitar nan da ban san abin da zan yi mata ba.

Mama ce ta kasa haƙuri. Ana saura 'yan kwanaki a zauna, ta samu Baffa da Baba a falo, ta faɗa wa Baffa gaskiya tun daga robar wanke-wanke har zuwa tawul. Ta ce Baffa ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa ya sani ban da mu?"

"Babu," in ji Mama.

"To a bar shi a nan. Yaya, ka saurare ni. Kun koma ko ba ku koma ba? Kun koma. Ta duba? Ba ta duba ba. To ai ta yi laifi, ba ƙage muka yi mata ba. Mai laifi ce, mene ne in an haɗa mata duka? Asibiti ne zai biya, ba daga aljihunta ba."

"Ita me za a yi mata?" Baba ya tambaya, idonsa a kan hannun.

"Lauya ya ce in aka tabbatar ita ta sa filastar, za a karɓe lasisinta, kai kuma a ba ka cikakkiyar diyya. In kuwa ka buɗe baki ka ce kai ka taɓa, to ka zubar da rabin maganar, wataƙila ma fiye."

"A karɓe gaba ɗaya? Ta daina aiki ke nan?"

"Kai ma ai ka daina, Yaya. Wa ya tausaya maka? Kai dai in an tambaye ka ko wannan ce filastar da aka sa maka, ka ce e. Shi ke nan fa aikinka."

Baba bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ina ganin abu biyu ne suka danne shi. Na farko tsoron yadda gida zai kasance. Na biyu kuwa, wanda ya fi nauyi, kunya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gyara wa kowa aiki, yaya zai tsaya gaban jama'a ya ce shi ya kashe hannunsa da kansa, kuma da filasta, abin da ya fi kowa sani?

Ranar zaman muka tafi mu huɗu. Ɗaki ne madaidaici a wani bene, da dogon tebur da fanka mai ƙara. A kan benci a waje na ga wani dattijo siriri rungume da jakar mata, ya gaishe mu cikin ladabi, ban ko amsa da kyau ba. A ciki 'yan kwamiti suna gefe guda, shugabansu wani tsohon likita mai furfura. Mu da lauyanmu muna dama. Likitar tana hagu tare da lauyan asibitinsu, ta rame, idonta ya faɗa. Ɓawon filastar yana tsakiyar tebur. Na zauna ina watsa mata harara.

Lauyanmu ya yi bayani, ya ɗaga hannun Baba ya nuna. Sannan shugaban ya juya wurin likitar.

"Wace irin filasta kika sa masa?"

"Rabi na sa, ranka ya daɗe, ta baya kawai."

"To ga abin da aka tsaga daga hannunsa, zagayayye ne. Me za ki ce?"

"Ban san yadda aka yi ba."

Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Shugaban ya dube shi ta saman tabarau, sai Baffa ya haɗiye dariyarsa.

"Ya dawo wurinki washegarin da ciwon ya tsananta. A ranar, me kika gani a hannunsa? Rabin ce ko zagayayyar?"

Lauyan asibitin ya matsa ya raɗa mata wani abu a kunne. Kowa a ɗakin ya san abin da yake so ta ce. Da ta ce ta duba ta ga rabin da ta sa, da maganar ta koma tata da tamu, babu mai shaida. Ta girgiza masa kai, ta miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ban duba ba. Matarsa ta ce min yatsunsa sun kumbura, na ji ta da kunnena. Ɗaga tawul ɗin nan ba zai ɗauke ni komai ba, amma ban ɗaga ba. Mutane sun yi yawa ranar, sai dai wannan ba hujja ba ce. Da na duba, da yau yana da hannunsa. Wannan laifina ne, kuma ina roƙonsa ya yafe min." Ta nuna ɓawon da ke kan tebur. "Amma wannan filastar ba ni na yi ta ba. Ba ni da yadda zan tabbatar muku, tunda ni na ƙi dubawa."

Lauyanta ya dafe kai. Baffa ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "An gama, ta kashe kanta." Ni ma haka na gani, kuma ban ɓoye ba, daɗi na ji.

Shugaban ya juyo wurin Baba. "Malam, tambaya ɗaya ce. Wannan ita ce filastar da likitar nan ta sa maka?"

Fankar tana ta ƙara. Na ga Mama ta runtse ido, leɓenta yana motsi. Baffa ya yi gyaran murya, ya sake yi. Baba yana kallon likitar, wadda ta koma ta zauna ta haɗa hannuwanta a kan cinya kamar mai jiran hukunci.

"A miƙo min ita," in ji shi.

Aka turo masa ɓawon. Ya juya shi da hannun dama, ya tura shi gaban shugaban.

"Ranka ya daɗe, don Allah shafa nan."

Tsohon ya yi mamaki, amma ya shafa.

"Ka ji santsin? Yarinyar nan ko za ta shekara goma tana koyo ba za ta fitar da wannan ba. Aikina ne."

Baffa ya zabura. "Yaya! Ranka ya daɗe, magungunan da yake sha ne suke..."

"Zauna," in ji Baba, bai ko dube shi ba. "Tun kana rarrafe nake ce maka zauna kana zama. Yau ma zauna."

Baffa ya zauna. Baba ya danne ɓawon da gwiwar hannu, ya ɓalle gefensa, ya zaro wani zare ya ɗaga. Ya ce wannan gidan sauro ne, ba bandeji ba. Ya nuna musu inda aikin likitar ya tsaya da inda nasa ya hau kai. Ya ba da labarin duka, bai tsallake ko ɗaya ba: yadda ya ga rabi ya raina, yadda matarsa ta ce ya koma ya tambaya ya ƙi, yadda ya ja tsumman da haƙori don ya matsu. Ya ce ranar da suka koma da gangan ya rufe hannun, kuma da aka tambaye shi ya ce ɗan zugi ne, alhali ji yake kamar ana gasa shi a wuta.

Na dubi Mama, hawaye yana bin fuskarta, amma kanta a ɗage yake.

"Me ya sa sai yanzu kake faɗa?" shugaban ya tambaya.

"Kunya, ranka ya daɗe. Da kwaɗayi kuma, ba zan ɓoye ba, ina da yara a makaranta. Na shigo ɗakin nan ban san me zan ce ba. Sai na ga yarinyar nan, sa'ar 'yata, an ba ta hanyar fita ta ƙi bi, ta ɗauki nata laifin a gaban kowa alhali ta san zai iya cinye ta. Ni da furfurata in zauna in ɗora mata nawa a kan nata? Ina zan kai wannan?"

Sannan ya juya wurinta. "Likita, 'yata, in tambaye ki mana. Me ya sa kika yi rabi?"

Ta share ido. "Saboda kumburi, Baba. Sabuwar karaya tana kumbura. In aka zagaye ta, naman ba shi da inda zai je, sai ya danne hanyar jini. Shi ya sa ake barin gefe guda a buɗe, sai kumburin ya sauka a zagaye."

Baba ya daɗe yana gyaɗa kai. "Ashe ba ragowar aiki ba ne. Aikin ke nan." Ya ja numfashi. "To da kin faɗa min haka ranar, da wataƙila na ji. Na ce wataƙila, don matata tana nan, ta san ni."

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya kasa riƙe dariya. Baba bai yi ba. Ya fuskanci shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, kada kuma a ce na zo wanke ta ne. Nata ta faɗa da bakinta, kuma gaskiya ne, ba zan ɗauke mata ba. Da ta ɗaga tawul ɗin da ta kama ni, ta yi min faɗa, ta tsaga abin nan, da yanzu ina bakin aikina. A kan wannan ina neman haƙƙina, kuma ba na jin kunyar nema. Amma matsewar tawa ce, ɓoyewar ma tawa ce. Ku auna nata ku ba ta, ku bar min nawa."

Aka ce mu fita za su tattauna. A baranda Baffa ya hau faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce Baba ya zubar da abincin 'ya'yansa, ya ce ya mayar da shi abin dariya a gaban lauya, ya ce daga yau babu ruwansa. Baba ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce, "Na gode da wahalar da ka yi, don ni ka yi. Amma da na ce e, ko an cika min ɗaki da kuɗi ba zan ƙara iya kallon yaran nan in ce musu kada su yi ƙarya ba." Baffa ya kaɗa riga ya sauka daga benen.

Likitar ta fito ta nufi dattijon nan mai jaka, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ashe mahaifinta ne. Ya taso ya zo gaban Baba don ya yi masa godiya. Sai ya kama hannun Baba na dama da hannu biyu ya riƙe.

"Ba ni za ka gode wa ba," in ji Baba. "Kai ne ka yi tarbiyya. Ita ta fara, ni bin bayanta na yi."

Hukuncin da ya fito bai yi wa kowa daɗi duka ba, kuma ina ganin shi ya sa ya zama adalci. An samu likitar da sakaci na rashin duba majinyacin da ya dawo da ƙorafi, da rashin yi masa bayani. An yi mata gargaɗi mai tsanani, aka sa ta aiki ƙarƙashin kulawar wani babban likita na wani lokaci, amma ba a karɓe lasisinta ba. An umarci asibitin ya biya Baba wani kaso na diyya, ya kuma ɗauki nauyin gashin ƙashi da za a riƙa yi wa hannun. Abin da aka ba shi bai kai ko kusa da wanda Baffa ya yi lissafi ba. Gida ya ji a jikinsa, Mama ta koma saye da sayarwa, ni da mijina muka ɗauki karatun autarmu. Baffa ya yi watanni ba ya taka gidan, sai da Baba ya je da kansa ya same shi.

Hannun bai dawo ba. An yi gashin, an yi motsa yatsu, an samu ɗan sauƙi, amma Baba bai ƙara riƙe allon kwaɓi ba. Yanzu kwangila yake karɓa, ya tsaya a ƙasa yana nuna wa wasu. Duk ranar da na kwana a gida, ni nake sa masa maɓallan riga da safe, yana tsaye ya ɗaga haɓa kamar ƙaramin yaro. Na ga manyan mutane a rayuwata, masu muƙami da masu dukiya, amma ban taɓa tsayawa gaban wanda ya cika min ido kamar wannan tsohon mai hannu ɗaya ba.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka san ta wani, ko da kayan aikinku sun yi kama, don haka abin da ba ka gane ba a wurin likita ka tambaya, kada ka gyara, kuma kada ka ɓoye masa ciwo ko abin da ka aikata. Likita shi ma ya sani cewa yawan jama'a ba ya ɗauke masa nauyin dubawa da yin bayani, kuma idan ya yi sakaci, majinyaci yana da haƙƙin kai ƙara da neman diyya ba tare da jin kunya ba. Amma laifin wani ba ya goge naka. Wanda aka cuta ya nemi haƙƙinsa daidai gwargwadon abin da aka yi masa, ya ɗauki nasa kason da kansa, ko da hakan zai rage masa abin da zai samu. Diyyar da aka karɓa ta hanyar ɗora wa wani abin da bai yi ba zalunci ce, kuma tana iya rushe rayuwar mutum gaba ɗaya. Kafin ka nuna wanda ya yi maka ba daidai ba, ka fara faɗa wa kanka gaskiya a kan abin da kai ka yi.